Yadda ake shirya tafiyar kallon namun daji a Afirka, daga Yankari har Serengeti

Mafi yawan waɗanda ke dawowa daga gandun daji suna ƙorafin cewa ba su ga komai ba sai birai da ciyawa, ba gandun ne ya yaudare su ba, watan da suka zaɓa ne. Namun daji ruwa suke bi. Da damina ko'ina tafki ne, ciyawa ta fi mutum tsawo, giwa na iya kiwo taku ashirin daga bakin hanya ba ka da labari. Idan rani ya tsananta, ƙananan tafkuna suka ƙafe, dole kowa ya gangaro inda ruwa ya saura, da mai ƙaho da mai farce. Duk shirin da ke ƙasa a kan wannan ya ginu: ka san dabbar da kake nema, ka san watan da ƙishirwa ke fito da ita, sannan ka nemi hanyar zuwa.

Mataki na farko: tsai da dabbar da za ta fitar da kai daga gida

Babu gandu ɗaya a duk nahiyar nan da ya tara komai. Wanda ya ce "ni dai namun daji nake son gani" bai fara shiri ba tukuna.

Idan giwa ce, tana nan kusa, a Yankari da Mole ta Gana da Zakuma ta Chadi. Mai son ganinta garke-garke har ya gaji da ƙirga sai ya nufi kogin Chobe a Botswana, ƙasar da ke da giwaye kusan 130,000, ko Amboseli a Kenya, inda suke kiwo a gindin dutsen Kilimanjaro. Idan zaki ne da rabbi da damisa, maganar gaskiya ita ce sun yi ƙaranci ƙwarai a Afirka ta Yamma, don haka Masai Mara a Kenya da Serengeti a Tanzaniya da Kruger a Afirka ta Kudu ne wurin zuwa. Karkanda kuwa akwai ta a Kruger, da Etosha a Namibiya, da ramin Ngorongoro a Tanzaniya, da Akagera a Ruwanda. Gorilar kan duwatsu ba ta da gida a duniya sai tsaunukan da suka haɗa Ruwanda da Yuganda da Kwango. Masu sha'awar abin da ba a samu a ko'ina sai wuri guda, akwai Habasha da birinta mai jan ƙirji a tsaunukan Simien, akwai kuma Madagaska da ƙananan dabbobinta masu kama da biri da ake kira lemur, iri fiye da 100.

Mai son tsuntsaye ma ba sai ya yanki tikitin jirgi ba. Dausayin Haɗeja da Nguru, musamman wajen Dagona a jihar Yobe, na karɓar baƙin tsuntsaye daga Turai tun daga Nuwamba har Fabrairu, suna haɗuwa da ɗinya da kirinjijiya na gida.

Ka rubuta dabba ɗaya ko biyu. Sauran duk gyara ne.

Mataki na biyu: daidaita wata, domin raninmu ba shi ne ranin kowa ba

A nan mutanenmu suka fi tafka asara. A yankinmu, daga Gana zuwa Chadi, lokacin kallo shi ne Disamba zuwa Afrilu, kuma mafi kyawunsa shi ne mafi wahalarsa, wato ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da zafin bazara ke gasa mutum. Disamba da Janairu sun fi daɗin zama, amma ciyawa ba ta gama kwanciya ba, ga ƙurar hunturu tana rufe nesa tana ɓata hoto.

Da ka tsallaka kudu da ikwaita sai lissafi ya juye. A Afirka ta Kudu da Botswana da Namibiya da Zambiya, rani yana kamawa ne daga Mayu zuwa Oktoba, daidai lokacin da mu ke tsakiyar damina. Wanda ya ɗauki hutun Disamba ya tafi Kruger zai tarar da daji kore shar, ga zafi ga ruwan sama, dabbobi sun bazu. Zai ga abin gani, amma da gumin goshi. Dausayin Okavango a Botswana ya fi ban mamaki: ruwan da ya sauka a tsaunukan Angola yakan yi watanni yana gangarowa, bai cika dausayin ba sai tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da babu ko ɗigon ruwan sama a Botswana. Sai ka ga ambaliya a tsakiyar rani, namun daji kuma suna tururuwa gare ta daga ko'ina.

Kenya da arewacin Tanzaniya damina biyu gare su, babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama wajen Nuwamba. Abin da ke jan duniya zuwa can shi ne hijirar nyumbu, wata dabba mai ƙirar saniya da gemu da geza, wadda yawanta ya haura miliyan ɗaya, tana zagaye da jakunan dawa da barewa tsakanin Serengeti da Masai Mara duk shekara. Ba rana ɗaya ake yin hijirar ba, kuma ba wuri ɗaya ba ne, saboda haka watanka shi ke gaya maka inda za ka kwana. Daga Janairu zuwa Maris garken yana filayen Ndutu a kudancin Serengeti, inda ake haihuwa. A cikin 'yan makonnin Fabrairu maruƙa dubu ɗaruruwa ke faɗowa, kuma ɗan maraƙi kan miƙe tsaye cikin 'yan mintoci, domin kura da zaki na gefe suna kallo. Daga Yuli zuwa Oktoba garken yana arewa, yana kai da komo a kogin Mara. Wannan shi ne tsallaken da ake nunawa a talabijin, sai dai talabijin ba ta nuna jira. Garke kan taru a gaɓa tun hantsi, na gaba su leƙa ruwa su ja da baya, na baya su turo, ƙura ta tashi, a yi awa uku ana wannan, sannan ba dalili kowa ya juya ya koma kiwo. Wata rana kuma ɗaya ce za ta yi ta maza ta daka tsalle, kafin ka ɗaga kyamara dubbai sun bi ta, kadoji na jira a ƙasa. Duk kamfanin da ya yi maka alkawarin ranar tsallake, ƙarya yake maka. Abin da za ka iya yi shi ne ka ware kwana uku ko huɗu kusa da kogin.

Ka duba kalandar Musulunci kafin ka tsai da rana. A 'yan shekarun nan azumi na faɗowa cikin Fabrairu da Maris, saboda haka makonnin bayan ƙaramar Sallah sun dace da Yankari da Zakuma. Amma kada ka je Yankari a ranakun bikin Sallar kansu idan dabbobi kake nema. Cika take yi da 'yan yawon Sallah, kuma hayaniya ba ta haɗa hanya da naman daji. Ka bari a watse, ka je tsakiyar mako.

Mataki na uku: fara da na kusa

A ganina bai kamata mutum ya kashe dubban daloli a Kenya ba alhali bai taɓa kwana a gandun da ke bayan gidansa ba. A kusa ne ake koyon tashin asuba, da zaman mota shiru, da gane ko kana da haƙurin abin ma.

Yankari tana ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, faɗinta murabba'in kilomita 2,244. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ta zama gandun tarayya a 1991, ta koma hannun jihar Bauchi a 2006. Daga garin Bauchi za ka kama hanyar Gombe, ka ratse a Dindima, ka isa ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai sauran kilomita arba'in da wani abu a cikin daji, don haka ka cika tankinka, kuma ka shiga da sauran rana. Fita kallo ana yin ta da ma'aikacin gandu, kuma yawanci kwarin kogin Gaji ake bi, domin nan ne ruwan da ba ya ƙafewa. Za ka iya cin karo da ɓauna da gwanki da gwambaza da mazo da dorina. Giwayen sun ragu sosai saboda farauta, amma har yanzu garken Yankari yana cikin mafi girma da suka rage a Najeriya. Zaki kuwa kada ka sa rai, wanda ya gan shi ya yi babbar sa'a. Bayan an dawo sai a gangara ruwan ɗumin Wikki, wanda ke fitowa daga ƙarƙashin dutse garau, zafinsa digiri 31 dare da rana, rani da damina.

Akwai masu gida a Wikki da ba su cikin takardar masauki. Gwaggon biri ya san leda, ya san ƙarar buɗe but ɗin mota, ya kuma san bambancin babba da yaro. Zai zauna nesa kaɗan yana sosa ciki kamar ba ruwansa, ka juya baya ka amsa waya, kafin ka waigo burodinka yana kan rufin ɗaki. Kada ka riƙe abinci a hannu a fili, kada ka bar taga a buɗe, kada ka yi kokawar ƙwace da shi, haƙoransa ba na wasa ba ne. Gadu ma yana yawo a tsakar masaukin yana kiwo a durƙushe. Ka kalle shi, ka ba shi hanya.

Mole, a arewacin Gana kusa da Damongo, tafiyar kusan awa uku ce daga Tamale, kuma Bahaushe ba zai yi baƙunta ba, domin ana jin Hausa a zangunan yankin. Abin da ya bambanta ta shi ne ana shiga a ƙafa. Da misalin bakwai na safe ma'aikaci mai bindiga zai tara ku, ya duba ƙafafunku, wanda ya sa silifa ya koma ya sauya. Za ku gangara daga tudun da masauki yake zuwa tafkunan da ke ƙasa. Idan ya ga kashin giwa yakan tsaya ya tona shi da sanda: in cikinsa da danshi da ɗumi, ba ta yi nisa ba. Sai ya ɗebi ƙura ya saki don ya ga inda iska ke kaɗawa, domin giwa hanci da kunne take aiki da su fiye da ido, kuma dole a zagaya ta yadda iska za ta taso daga gare ta zuwa gare ku. Tsayawa a ƙasa da ƙafarka kana kallon toron giwa yana watsa wa kansa laka daban yake da leƙe ta tagar mota. A hanyar fita ka tsaya a Larabanga ka ga tsohon masallacin ƙasa, yana cikin mafi daɗewa a Afirka ta Yamma.

Zakuma ita ce wadda nake ganin mutanenmu suka fi jahilta, alhali a duk yankinmu babu kamarta. Tana kudu maso gabashin Chadi kusa da Am Timan, an kafa ta a 1963. A 2002 tana da giwaye fiye da 4,000, mafarauta a kan dawakai suka yi ta karkashe su saboda haure har suka koma kimanin 450 a 2010. A shekarar ce gwamnatin Chadi ta damƙa gudanar da gandun ga ƙungiyar African Parks, kashe-kashen suka kusan tsayawa cak, giwayen suka koma haihuwa. A yau, a Maris da Afrilu, fadamun Zakuma kan cika da ɓauna da raƙuman dawa da gauraka, zakuna na kwance a inuwa, da yamma kuma jan baki ya taso miliyoyi ya rufe sama. Da damina ruwa ke shanye gandun, ana rufe masaukai, saboda haka daga ƙarshen Nuwamba zuwa Mayu kaɗai ake zuwa. Nisanta daga Injamena ya kai kilomita 800, tafiyar da ta fi ƙarfin yini ɗaya cikin natsuwa, sai dai ƙaramin jirgi ga mai hali. Ka kama ɗaki a masaukin Tinga tun da wuri, ɗakunan ba su da yawa.

Gashaka Gumti, a Taraba da Adamawa, ita ce mafi girman gandun tarayya a Najeriya, ana shiga ta Serti. Wurin masu ƙafa ne da son hawan dutse da neman birin cimfanzi a kurmi, ba na mai son zama a mota ba.

Mataki na huɗu: tambayi lafiyar hanya kafin ka biya ko sisi

Wasu daga cikin wuraren da suka fi suna a tsofaffin littattafai yanzu ba a shigarsu kai tsaye. Gandun W, wanda Nijar da Benin da Burkina Faso suka haɗa, da maƙwabtansa Arli da Pendjari, 'yan bindiga sun yi sansani a sassansu, kuma a Mayun 2019 an sace Faransawa biyu a Pendjari aka kashe ɗan jagoransu. Waza a arewacin Kamaru ta durƙushe tun bayan sace wasu iyalin Faransawa a kusa da ita a Fabrairun 2013.

Wanda ya fi ciwo shi ne Kure, kilomita 60 daga Yamai, mazaunin raƙuman dawan Afirka ta Yamma na ƙarshe. A 1996 saura 49 kacal, aka yi ta fama har suka haura 600. Ba a cikin shinge suke ba, a gonakin mutane suke yawo, da rani su gangara kwarin Dallol Bosso su ci ganyen gawo, wani lokaci su taɓa waken manomi. A ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu. Tun 2018 an fara kwashe wasu raƙuman zuwa Gadabeji a jihar Maraɗi don kada a tara ƙwai a kwando ɗaya.

Kada ka ce ai kai baƙar fata ne, Musulmi, ba wanda zai kula ka. Mai garkuwa kuɗin fansa yake nema. Ka kira ofishin gandun da kanka, ka tambayi direbobin tasha da ke bin hanyar kullum, ka nemi wanda ya je cikin watan nan, ba bara ba. Wannan ya shafi Yankari da Gashaka ma. Kuma ko an ce lafiya lau, kada ka yi tafiyar dare.

Mataki na biyar: zaɓi salon tafiyar nesa daidai aljihunka

Akwai hanya uku, kuma bambancin kuɗinsu mai yawa ne.

Mafi sauƙi ita ce ka sauka Nairobi ko Arusha ta Tanzaniya ka shiga motar haɗaka ta kamfanin yawon buɗe ido, ku shida ko bakwai, a raba kuɗin mota da direba. Kafin ka tura kuɗi ka tabbatar kamfanin yana da rajista da ƙungiyar kamfanonin ƙasar, KATO a Kenya, TATO a Tanzaniya, ka kuma sa a rubuta maka abin da kuɗin ya ƙunsa. Tambaya mafi muhimmanci ita ce kuɗin shiga gandu yana ciki ko babu. A Masai Mara, tun 2024, baƙo daga waje yana biyan dala 100 a rana daga Janairu zuwa Yuni, dala 200 daga Yuli zuwa Disamba. Idan ka ga farashi ya yi araha fiye da kima, yawanci wannan aka cire, ko kuma masaukin yana can nesa da ƙofa, ka ɓata safiyarka a hanya. Araha ba ta ado. Wanda ke da yini ɗaya kacal a Nairobi, wataƙila kasuwanci ya kai shi, akwai gandun Nairobi a bakin gari, da zaki da karkanda da raƙumin dawa, benayen birni na hange a bayansu. Giwa ce kawai babu.

Hanya ta biyu ita ce ka tuƙa kanka, kuma Kruger aka yi domin haka. Faɗinta ya kusa murabba'in kilomita 20,000, ta zama gandun ƙasa a 1926, manyan hanyoyinta da kwalta, ƙaramar mota ma ta isa. Daga Johannesburg awa biyar ne ko ƙasa da haka. Ana kama ɗaki ta shafin SANParks, hukumar gandayen Afirka ta Kudu, ana buɗewa wata 11 kafin lokaci, kuma masaukai irin su Skukuza da Satara da Lower Sabie na cika da wuri a lokacin hutun makarantu. A hagu ake tuƙi. Gudu ba ya wuce kilomita 50 a kwalta, 40 a burji, kuma wanda ya makara aka rufe ƙofar masauki da yamma tara ce. Wahalar wannan hanya ga ɗan Najeriya ita ce biza, a fara nemanta watanni kafin tafiya.

Ta uku ita ce gorila, mai tsada amma gajeriya. Gorilar kan duwatsu duka-duka ta ɗan haura 1,000 a duniya, shi ya sa ake ƙayyade masu zuwa: mutum takwas ga iyali ɗaya a rana, awa ɗaya tak a gabansu, kuma ba a ɗaukar wanda bai kai shekara 15 ba. Takardar izini a Ruwanda dala 1,500 ce, a Yuganda dala 800, amma Yuganda ta ware wa 'yan sauran ƙasashen Afirka farashin dala 500. Ka tambaya da bakinka ka nuna fasfo, ba kowane dillali ne zai gaya maka ba. Hawan na iya zama awa ɗaya, yana iya zama yini guda, cikin laka da ƙaiƙayi, don haka ka ɗauki ɗan dako ko da jakarka ba nauyi, zai ja hannunka a inda ƙafa ke zamewa. Mai mura ba a barinsa ya hau, domin cutarmu na kama su. Idan Ruwanda ka je, ka ƙara kwana biyu a Akagera, awa biyu da rabi daga Kigali, inda aka dawo da zakuna a 2015 da karkanda a 2017.

Maganar jirgi: Ethiopian Airlines na tashi daga Kano da Abuja da Legas da Yamai zuwa Addis Ababa, daga can a sauya. RwandAir na zuwa Kigali daga Legas, Kenya Airways kuma Nairobi daga Legas.

Mataki na shida: takardu

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida da shafuka biyu farare. Katin rigakafin shawara, wato yalo kat, dole ne ga mai fitowa daga ƙasashenmu. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, kuma tun 2016 sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ka yi ta gaske a ofishin lafiya na filin jirgi ko asibitin da aka amince da shi, kada ka sayi kati a bayan fage. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Gana, Ruwanda kuma tana karɓar 'yan Afirka a filin jirgi. Dokokin sauran na sauyawa, don haka ka duba shafin hukumar shige da fice ta ƙasar a makon da za ka sayi tikiti. Ka riƙe sababbin takardun dala marasa yagewa, domin a Gabashin Afirka ana ƙin karɓar tsofaffi, ka kuma gwada katin bankinka kafin ka tashi, tunda gandaye da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi a ƙofa.

Mataki na bakwai: haɗa kaya

Tufafi masu launin ƙasa ko ruwan toka. Ka bar baƙi da shuɗi a gida, tsando na bin su, cizonsa kuma yana ratsa yadi. Farar shadda kafin azahar ta koma ja. Kayan da suka yi kama da na soja haramun ne ga farar hula a ƙasashe da dama, kada ka jawo wa kanka tambayoyi a kan iyaka. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri ko da Yuli ne, musamman ma Yuli: asubar Kruger a buɗaɗɗiyar mota, ko bakin ramin Ngorongoro da ya haura mita 2,000, ta fi sanyin Jos.

Madubin hangen nesa ya fi kyamara amfani, kuma kowa da nasa, domin damisa ba ta jira a miƙa. Ƙananan jiragen da ke shiga daji kilo 15 suke ɗauka, a jaka mai laushi. Ruwanda da Kenya da Tanzaniya sun hana leda, ka zazzage kayanka daga cikinta tun a gida. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto an hana shi a gandaye. Maganar zazzaɓin cizon sauro, kada ka ce ka saba, ka ga likita kafin tafiya, ka kwana cikin gidan sauro.

Mataki na takwas: yadda ake yini a daji

Ka yi sallar asuba a kan lokaci, ka kasance a mota kafin gari ya gama wayewa. Awa ukun farko su ne kasuwar. Zaki da kura na dawowa daga farautar dare, sawunsu na nan sabo a kan yashi kafin tayoyi su share. Da rana ta take kowa ya shige inuwa, kai ma ka koma masauki ka ci abinci ka yi azahar. Fita ta biyu daga wajen ƙarfe huɗu ce zuwa faɗuwar rana. Tsarin ya yi wa mai sallah daidai: matafiyi na da sauƙin kasaru da haɗa azahar da la'asar kafin fita, magariba kuma a masauki. Idan fitar yini guda ce, ka gaya wa direba tun da safe ya tsaya a wurin da aka keɓe don sauka. Ba a shimfiɗa darduma a inda aka ga dama. Zaki yana ganin mota a matsayin abu guda da ya saba da shi, amma da ka sauka, ko ka miƙe ka zuro rabin jiki waje, ka zama wani abu daban.

Abinci ma a faɗa tun lokacin kama ɗaki. A Kenya da Tanzaniya samun halal ba wuya, Musulmi na da yawa a harkar. A kudancin nahiyar kuwa ana kawo naman alade da na namun daji a teburi ɗaya da sauran, saboda haka ka tambayi mai dafa abinci, in ka yi shakka ka tsaya a kifi da ƙwai da ganye.

Kada ka matsa wa direba da "kai mu wurin zaki". Ka ce masa, "Malam, mu tsaya a bakin ruwan nan mu ɗan jira," ku kashe inji. Rabin awa a tafki ɗaya da rani ya fi awa biyu ana zarya. Ka koyi sauraro: idan birai suka ɓarke da haushi a kan bishiya, ko zabin daji suka rikice, ko barewa duka suka daina kiwo suka zuba ido waje guda, akwai abin da suka gani. Ungulaye na sauka wuri ɗaya, akwai mushe, mai shi kuma bai yi nisa ba.

Dabbobin da suka fi hallaka mutane ba su ne ake zato ba. Dorina na fitowa kiwo da dare, kuma duk wanda ya shiga tsakaninta da ruwa ya shiga uku. Tsohon ɓauna da ya ware shi kaɗai ba ya gargaɗi. Giwa mai ɗa a ba ta fili. Toron da ka ga ruwa na tsiyaya daga gefen kansa tsakanin ido da kunne, fitsari na ɗiga a ƙafafunsa na baya, yana cikin lokacin zafin kai, a ja da baya tun daga nesa. Idan kuna ƙasa, abin da mai bindiga ya ce shi za a yi, ko da ya ce a tsaya cak alhali ƙafarka na cewa gudu.

Mataki na ƙarshe: sallama da tsaraba

Direba da ɗan jagora da ɗan dako, yawancinsu da ɗan ihsanin baƙi suke cike gibin albashi. Ka ware shi tun cikin lissafin farko, ka tambayi masauki abin da aka saba bayarwa, ka miƙa hannu da hannu ranar rabuwa.

Tsaraba kuwa, kada ka sayi haure, ko fatar damisa, ko ɓawon kunkuru, ko ƙaho, ko kitsen wata dabba da aka ce magani ne, komai arahar da aka yi maka kuma ko wa ya aike ka. An hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma a filayen jirgin Nairobi da Addis Ababa ana binciken har kayan masu wucewa kawai. Ɗan awarwaro guda ya isa a sauke ka daga jirgi zuwa kotu. Ka sayo wa mutanen gida ganyen shayin Kenya, ko gahawar Habasha da Ruwanda, ko jan mayafin Masai, ko man kaɗanyar Tamale, ka ajiye rasit a aljihun jaka saboda kwastan.